Ƙarfen Iya da Nawa

Damina ce, daminar shekarar da aka ba mu jiha. Tun ba a faɗa a rediyo ba garin Lafia ya riga ya ɗauki zumuɗi. Duk wanda ka tsaya da shi a kasuwa yana da wani ɗan'uwa da ya ji daga bakin wani babba cewa mu ne za mu zama hedikwata. Masu fili suna ta buga bulo ruwa yana wanke musu, wai ma'aikata na nan zuwa neman haya. Doya ta yi, agushi ya yi, har maigidana da ba ya dariya sai da dalili, a shekarar nan na sha jin sa yana ƙyalƙyalawa shi kaɗai a zaure, rediyo a kunne. Ni kuma cikin wannan zumuɗin na dawo gida da sabuwar gwiwa.

Sai dai ba ni ce na fara sa ƙarfe a gwiwa a gidanmu ba. Iya ta riga ni da kusan shekara ashirin. Iya ita ce mahaifiyar maigidana, kowa haka yake kiran ta. Ni kuma tun ranar da aka kawo ni daga ƙauyenmu na wajen Agyaragu take ce mini Amarya, har na yi jikoki sunan bai canza ba. A zamanin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwiwarta ta dama ta lalace har ta koma jan jiki a ƙasa. Autanta yana soja a lokacin, shi ya ɗauke ta ya kai ta wani babban asibiti can nesa, inda aka ce wasu likitoci Turawa sun zo. Ta tafi a kwance a bayan mota, ta dawo tana takawa da sanda. Unguwa ta daɗe tana zuwa kallo. Mata su taɓa su janye hannu da sauri. Wata tsohuwa ma da allura ta zo, wai tana so ta ga ko za ta manne.

In Iya tana tafiya, gwiwar tana cewa ƙas, ƙas. Da wannan ƙarar yaran gidan suke sanin lokacin da za su cire hannu daga tukunya.

Ta kafa wa ƙarfen nan dokoki, kuma ba likita ne ya ba ta ko ɗaya ba. Duk Juma'a sai an shafa wa gwiwar man keken ɗinki, don kada ta yi tsatsa daga ciki. Wani direban babbar mota ya taɓa gaya mata tsawa ba ta faɗa wa roba, sai ta sa aka kawo tsohuwar taya aka kwantar a tsakiyar ɗakinta, aka ɗora katako da matashi a kai. Da zarar hadari ya taso, mata biyu za su riƙe ta ta hammata su sauke ta a hankali a kan tayar, ƙafar a miƙe, ta zauna tana salati har ruwa ya ɗauke.

Babbar dokar ita ce ta lanƙwasa. Iya ta ce ta ga yadda ƙyauren ɗakin girki ya mutu da idonta: a buɗe a rufe, a buɗe a rufe, har ƙarfen da ke riƙe da shi ya cinye ya saki. Saboda haka kowane ƙarfe yana da iyakar lanƙwasar da aka ƙaddara masa, in ta ƙare ta ƙare. Sai ta riƙa tattalin lanƙwasa yadda mace take tattalin mai a ƙarshen wata. Da gwiwar ta fara yi mata ciwo da ɗan girgiɗi bayan wasu shekaru, ta ce ai ta san ranar da ta jawo wa kanta, ranar da ta naɗe ƙafa don ta shiga ƙaramar mota za su biki Assakio. Daga nan ko kaɗan ɗin ma ta daina.

Ina ƙaunar Iya, amma na ga abin da wannan doka ta yi mata. A gidanmu da yamma mata kan zauna a kujeru 'yan tsugunno, a zagaye tire ana ɓarar agushi. A wurin ake jin wace ce ta sami ciki, wane ne ya sayi babur, wa aka ga yana zarya a ƙofar gidan wa. A wurin ake cin tuwo a kwano ɗaya. Iya kuwa tana can sama a doguwar kujera, ƙafa a kan turmin da aka kifa, ana miƙa mata nata kwanon daban. In an yi dariya sai ta ce, "Me aka ce? Me aka ce?" Kafin a maimaita mata abin ya huce. Shekara da shekaru ƙeyar mutane take kallo.

Ni kuma gwiwata ta hagu ce ta fara ciwo, a hankali, har ta kai ba na iya tashi in na zauna. 'Yar farina, wadda ba na faɗin sunanta, nas ce, tana aiki a Saudiyya a lokacin. Ita ta matsa sai da na je, aka yi mini aiki a asibitin da take. Tun kafin ɗinkin ya warke wata mata mai hannu kamar na maƙeri ta fara zuwa tana lanƙwasa mini ƙafar ina hawaye. Da na ɗan sami ƙarfi yarinyar ta ɗauki hutu ta rako ni gida. A jirgi ta yi ta nanata mini magana ɗaya.

"Mama, aikin likita ya ƙare, saura naki. Kullum ki lanƙwasa ta, ko tana ciwo. Watannin nan na farko su ne komai. In kika bar ta a miƙe, naman ciki zai kama ya ƙage, daga nan sai dai ki ja ta kamar taɓarya har iyakar rayuwarki."

Na ce to.

Muna shiga gida muka tarar Iya ta gama shiri. Ga doguwar kujera an ajiye kusa da tata. Ga turmi na biyu an kifa. A ɗakinta ga sabuwar taya kusa da tsohuwa, har da matashi mai fure. Ga kwalbar man keke ba a ko buɗe ba. Ta rungume ni tana kuka tana dariya.

"Amarya, yau na yi 'yar'uwa! Ku zaunar da ita. Ku miƙe ƙafar. Ke, riƙe diddigen, kada ta karya!"

Yarinyar ta ce, "Iya, ai wannan lanƙwasa ta ake yi."

"Lanƙwasa me?"

"Gwiwar. Ba irin taki ba ce."

"Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba ne?"

"Ƙarfe ne, amma..."

"To ki sauke amma ɗin nan ki sha ruwa, malama nas. Kin sha hanya."

Washegari yarinyar ta ce sai an yi ta ta ƙare. Ta fito da hoton ƙashina daga jaka, ta sa aka lalubo na Iya a ƙasan akwati, ya yi ja-ja don tsufa. Ta ɗaga su biyun a tsakar gida suna fuskantar rana, duk matan gidan suka taru a bayanta. Ni sai da na haifi yara huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, rubutun likita ya fi ƙarfina, amma hoto kowa yana iya karanta shi.

Na Iya abin tsoro ne. Ƙarfen ƙyaure ne sak, wanda kafintoci ke ce wa hinji, da ƙusa mai kauri ta ratsa tsakiya. Yana da dogayen ƙafafu biyu, ɗaya ta shige cikin ƙashin cinya, ɗaya ta gangara cikin ƙashin ƙwauri, kamar an soke nama a tsinke. Nawa kuwa sai da na ce ina yake. Wata 'yar hula ce ta ƙarfe aka kifa wa kan ƙashin sama, da ɗan faranti a kan na ƙasa, a tsakaninsu kuma fili, babu abin da ya haɗa su.

Matar ƙanin mijina, wadda bakinta ba ya shiru, ta dafe ƙirji. "Yaya, sun manta ba su ɗaure ba!"

Yarinyar ta ce ba fili ba ne, farar roba ce mai tauri a wurin, hoto ne ba ya nuna ta. Ta aika aka kawo ludayi da ƙaramin ƙoƙo. Ta ɗora bayan ludayin a cikin ƙoƙon tana mirgina shi. Ta ce haka gwiwar da Allah ya yi take tafiya, tana mirginawa, tana ɗan zamewa, tana ɗan juyawa gefe in mutum ya waiwaya. Na zamanin Iya buɗewa da rufewa kawai ya sani. In mutum ya juya, ƙarfen ba ya juyawa, sai ya riƙa girgiza ƙashin da aka dasa shi a ciki, shi ya sa da daɗewa yake saki. Masu yin abin sun ga haka, sai suka daina haɗa sama da ƙasa da ƙusa. Yanzu jijiyoyin mutum ne da naman cinyarsa suke riƙe gwiwar. In ba a motsa su ba su mutu, gwiwar ta ƙage.

Iya ta saurara tsaf tana taunar goro. Da aka gama ta ce, "Wato nata ko ƙusa babu."

"Babu, Iya."

"Roba ce a tsakiya. Irin ta bokiti."

"Ba irin ta bokiti ba..."

"Nawa mai ƙusa, mai ƙafafu har cikin ɓargo, na lanƙwasa shi sau ɗaya a hanyar Assakio ya saki. Shi ne za ki ce wannan da aka ɗora ludayi a kan ƙoƙo a yi ta murza shi? Ke a takarda kika ga ƙarfe. Ni da shi nake kwana, da shi nake tashi, tun kina yawo ba zane. Amarya, ban yarda ba. Kin ji na faɗa."

Maigidana yana tsaye a bakin zaure. Yarinyar ta dube shi. Ya ce yana ganin kamar an kira shi a waje.

Hutunta ya ƙare. Ranar da za ta tafi ta ja ni ɗaki ta ce in riƙa yi a ɓoye, in na rufe ƙofa wa zai gani? Na ce to, don kada ta tafi da ɓacin rai. Amma na san ba zan iya ba. Tun ina yarinya aka kawo ni hannun matar nan. Ita ta karɓi haihuwata duka, ita ta yi mini wankan jego, ita ta tsaya mini lokacin da na ce zan shiga aji maigidana yana ja da baya. Ban taɓa yin abin da ta ce ba ta yarda ba, a gabanta ko a bayanta. Kuma ba mugunta ce ta sa ta hana ba, tsoro ne take ji mini. Ni dai ba na iya musu. Ko a kasuwa in an faɗa mini farashi sai in ji kunyar ragewa.

Sai na hau doguwar kujera. Ƙafata a kan turmi, kwanona daban. Iya tana gefe tana ta murna ta sami abokiyar hira, tana ba ni labarin mutanen da suka mutu kafin a haife ni. Ƙasa ana ɓarar agushi ana dariya. Ran nan na ji bakina ya ce, "Me aka ce?" Maganar Iya sak. Kowace safiya kuma in na sauko daga gado sai in ji gwiwar ta fi jiya tauri, kamar ana ƙara mata ɗauri da dare.

Abin da ya cece ni ban shirya shi ba. Wata safiya na fito da sandata zan wuce ƙofar Iya, tana zaune tana jan carbi. Kafin ciwo ya hana ni, kullum durƙusawa nake yi in gaishe ta. To ranar jikina ya tuna ni ban tuna ba. Sai kawai na ji na dafa bango na rusuna.

"Iya, barka da asuba."

"Kul! Amarya! Me kike yi?"

Gwiwar ta yi mini wani zafi har cikin kunne. Amma ta tafi, ta ɗan tafi. Ina nan a rusune na ji bakina ya ce, "Gaisuwa ce, Iya."

Ta tsayar da jan carbin. Duk unguwa an san Iya da abu ɗaya: ba ta ƙaunar a gaishe ta a tsaye. Matan jikokinta sun sha faɗa a kan haka. Takan ce yaran yanzu sai su tsaya maka a ka kamar ɗan sanda su ce gudmoni. Kwana kaɗan kafin nan ma ta kori wata yarinya ta ce ta koma waje ta sake shigowa. Yanzu ta yaya za ta ce wa surukarta, a gaban matan gida, ta daina rusuna mata?

Ta ce, "To. Lafiya lau. Tashi, tashi."

Na koma kujera. Na zauna ina kallon rana tana hawa. Da ta ɗan ɗaga na sauke ƙafa daga turmi, na zagayo gabanta, na dafa hannun kujerarta.

"Iya, barka da hantsi."

"Ba yanzu muka gaisa ba?"

"Waccan ta asuba ce."

Daga ranar nan babu tsohuwar da ta sha gaisuwa a ƙasar Lafia kamar Iya. Barka da rana. Barka da la'asar. Sannu da shan kunu. Sannu da sallamar baƙi. In ta dawo daga bayan gida, sannu da dawowa. Ran nan ta yi atishawa, kafin ta gama hamdala na iso. Kuma na lura gaisuwa in ta yi tsawo, rusunawar ma tana tsawo, sai na daina barin kowa a baya. Ina kwana, ina gajiya, yaya gwiwa, yaya ƙarfe, yaya sanyin damina, an ji labarin auta, yaya mutanen ƙauyen Azuba, yaya akuyar da ta haihu. Gumi yana zubo mini, cinyata tana karkarwa, ni kuwa ina nan ina tambayar lafiyar akuya.

Iya ta koma amsawa a dunƙule. Tun daga nesa in ta hango ni na ɗauki sanda sai ta fara, "Lafiya-lafiya-lafiya, kowa lafiya, akuya lafiya, koma ki zauna!"

"Ai ban tambaya ba tukuna, Iya."

"Na amsa miki bashi!"

Matar ƙanin mijina ita Iya ta naɗa ta riƙa sa mini ido. Ita ce ta fara ganewa. Ta same ni a bakin randa ta ce, "Yaya, wannan ladabi naki, daga Saudiyya kika sayo shi? Akwai saura?" Na ce ban san abin da take nufi ba. Ta yi dariya har ta zubar da ruwan da ta ɗebo. Washegari ina rusunawa sai na ji mutum a gefena, ita ce, ta rusuna daidai da ni, tana ɗan ƙara yin ƙasa don in bi ta. Rana ta uku sauran matan suka shigo layi. Har maƙwabta suka ji labari, in sun shigo aron rariya sai su tsaya a yi da su. Iya tana zaune a sama, mata reras a gabanta suna sauka suna tashi, ana ƙunshe dariya a bakin mayafi. Maigidana ya leƙo ran nan ya ga haka, ya ce, "Wai sarauta aka ba Iya ban ji ba?" Ta ce, "Kai ma da ka yi hankali da ka shigo layi."

Gwiwar tana kumbura da yamma, in sa mata tsumma mai sanyi. Amma kullum ina ƙara sauka. Na sa wa kaina alama a jikin ƙofar Iya, wani gurbi da gara ta ci. Da farko goshina yana sama da shi nesa, sannu a hankali har hancina ya zo daidai da shi. Abin da ban sani ba shi ne ko ya isa. Kujera 'yar tsugunno tana can ƙasa sosai, kuma zama a kanta ba gaisuwa ba ne, ba ni da hujjar gwadawa. In na wuce ta a tsakar gida sai in kalle ta ta wutsiyar ido.

Aka faɗi jihar a rediyo. Garin ya yi kwanaki ba a cikin hayyacinsa ba, 'yan acaɓa suna ta hon, mata suna guɗa ba biki ba suna. A cikin kwanakin ne, wata rana bayan la'asar, hadarin ƙarshen damina ya taso daga gabas, irin mai iska da tsawa wanda ba ya sallama. An shanya agushi ya cika tsakar gida, na shekara guda. Matan gidan duka suka ruga kwasa, ana ihu ana kiran buhu. Aka manta da masu ƙarfe.

Ni da Iya muka lallaɓa ɗakinta da sandunanmu. Duk hadarin da aka yi a baya, mata ne suke sauke mu a kan tayoyin, ƙafafu a miƙe kamar gawa biyu. Yau babu kowa. Iya ta tsaya a kan tayarta tana ƙwala kira, iska tana kwashe muryar. Walƙiya ta haska ɗakin fari fat. Ta yi ƙoƙarin sauka da kanta, ƙafar ta ƙi, ta yi taga-taga. Matar da take tsawata wa gari guda, ga ta tana kallona kamar yarinya.

Na jefar da sandata. Na shiga gabanta na sa hannuwa a hammatarta na ce ta riƙe wuyana. Iya ba ta da nauyi a lokacin, tsufa ya cinye ta. Na fara sauka da ita a hankali, yadda nake sauka in zan tambayi lafiyar akuya. Tsawa ta fashe a kan rufin kamar an jefo dutse. Ta ƙanƙame ni, muka tafi ƙasa tare. Ta dira a kan matashinta, ni kuma na ji mazaunaina sun sami tawa tayar.

Muka zauna muna haki. Ruwa ya sauko a kan kwano.

Can Iya ta ce, "Amarya. Ina ƙafarki?"

Na duba. Tafin ƙafafuna biyu suna ƙasa, gwiwoyina biyu suna sama a gabana, a naɗe, ta hagu daidai da ta dama.

"Ga ta, Iya."

"Ta karye?"

"Ban ji ba."

Ta miƙo hannu ta dafa gwiwar, ta matsa nan ta matsa can, ta karkato da kunne. "Tashi in gani."

Na dafa bango na tashi.

"Zauna."

Na zauna.

"Ba ta ce ƙas ba. Tashi kuma."

Sama tana ta rugugi, matar da take sanƙarewa in ta ji tsawa ta manta da ita sam. Tashi, zauna, tashi, zauna, har na ce, "Iya, lanƙwasar za ta ƙare fa." Sai ta fashe da dariya. Ni ma na fashe. Muka yi ta yi har hawaye, tana bugun cinyata tana cewa, "Ludayi da ƙoƙo! Ludayi da ƙoƙo!" Matar ƙanin mijina ta faɗo ɗakin a jiƙe sharkaf da buhu a ka, ta gan ni zaune a naɗe, ta saki buhun ta rangaɗa guɗa. Sauran suka rugo suna tambaya ko wata jihar aka ƙara.

Da aka watse, ruwa ya koma yayyafi, Iya ta goge ido da gefen zane ta ce, "Ke kina ganin ban gane ba ne? Sannu da atishawa! Tun da nake a duniya wa ya taɓa yi wa wani sannu da atishawa a rusune?"

Na sunkuyar da kai. "To me ya sa ba ki hana ni ba?"

"In hana a gaishe ni, gobe yaran nan su zo mini da gudmoni? Kuma..." Ta shafa tata gwiwar. "Kullum in kin sauka sai in rufe ido ina jiran in ji ta ɓalle. In buɗe in gan ki a tsaye. To ni ma ina so in ga ƙarshen abin."

Na ce ko za a tambayi yarinyar, a ga ko ana iya canza mata irin nawa. Ta ce ai ta riga ta tambaye ta a ɓoye kafin ta tafi. An ce dogayen ƙafafun nan sun ci ƙashi da yawa, cire su babban aiki ne, ga shekaru.

"A bar mini kayana, mun saba. Kada ki raina shi, Amarya. A ƙasa ya same ni ina jan jiki kamar ƙaguwa, ya tashe ni. Da shi na yi ɗawafi. Su masu naki ai a kan irin nawa suka koyi aikin." Ta ɗaga yatsa. "Amma taya tana nan. Ƙarfe dai ƙarfe ne. Kuma mai duk Juma'a."

Na ce to. Wannan karon har zuciyata.

Washegari da na idar da salla na fita tsakar gida, ƙasa tana jiƙe, ƙwayoyin agushin da suka tsere suna manne a ko'ina. Na ɗauki kujera 'yar tsugunno na goge ta. Ban kai ta inda aka saba zama ba, na kai ta gindin doguwar kujerar Iya na ajiye. Na ce wa matan su kawo tiren nan, daga yau a nan za a riƙa ɓara, kuma mai magana ta ɗaga murya. Na rusuna na gaishe ta, ban tsallake akuya ba. Sannan na zauna a kan 'yar tsugunnon kusa da turminta, na jawo tiren gabana, na fara tsince wanda ruwa ya taɓa.